Yadda Ake Sauya Ƙwan Fitilar Mota Zuwa LED Ba Tare da An Kashe wa Jama'a Ido Ba

Tun da na sauya wa tsohuwar Corollar nan tawa ƙwan fitila zuwa LED, wato ƙwan zamani mai 'yan ƙwayoyin haske maimakon zare, da wuya in ɗauki mutum da daddare bai tambaye ni nawa na kashe ba, wane iri ne, kuma wa ya sa min. Na yi bayani a majalisa, na yi a ƙofar masallaci, har ƙanina ya kira ni daga Zariya yana tsaye gaban mai shago yana karanto min abin da ke jikin kwali. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya, daki-daki.

Sau biyu na yi aikin nan, kuma na farkon asara ce. Na sayi ƙwai mai fuska huɗu wanda aka cika kwalinsa da lambobi masu ban tsoro, na hau hanya bayan isha'i, duk motar da ta taho sai ta watso min ful alhali a dim nake. Rassan bishiyoyi da allunan talla sun haskaka tar, amma ramin da ke gabana ban gan shi ba sai da taya ta faɗa. Hasken yana nan da yawa, sai dai bai sauka a kan kwalta ba. Duk matakan da ke ƙasa, wannan matsalar suke magancewa.

1. Ka tabbatar ƙwan ne ya gaza

Motoci da yawa da ake cewa fitilarsu ta yi sanyi, ƙwansu lafiyarsa ƙalau. Abu uku za ka duba kafin ka fitar da ko kwabo.

Na farko gilashin gaba. Muna ce masa gilashi ne kawai, amma a yawancin motocin yanzu roba ce mai tauri, kuma ranar ƙasar nan tana dafa ta har ta koma ruwan ɗorawa kamar an shafa mata kunun gyaɗa. Ko wane ƙwai ka sa a bayan irin wannan gilashin, a ciki hasken zai watse. Ana gyara shi da samfefa mai laushi da ruwa: a fara da lamba 1000, a koma 2000, a ƙare da 3000, sannan a goge da man folish. Gargaɗi a nan: idan ba a fesa masa man kariya daga rana a ƙarshe ba, cikin 'yan watanni zai koma gidan jiya. Man goge baki da ake ta yayi yana ɗan haskaka shi, amma na sati biyu zuwa uku ne.

Na biyu wuta. Ka sa mai rewaya ya ta da injin, ya kunna fitila, ya auna batir da mita, sannan ya auna a bakin soket ɗin ƙwan yana kunne. Batir ya kamata ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5. Idan abin da ke isa ƙwan ya gaza na batir da fiye da rabin volt, akwai wayar da ta tsufa, ko wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, da ta yi tsatsa, ko soket da ya saki. Ƙwan halojin, wato irin na asali mai zare a ciki, ba ya jure ƙarancin wuta: volt 1 kacal idan ya ɓace a hanya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haskensa ya tafi. Na ga motar da gyaran wayar at kaɗai ya dawo mata da fitila, mai ita ya fasa sayen LED ɗin.

Na uku kwanon ciki, mai sheƙi kamar madubi. Ka haska shi da tocilan ta gaba. Idan ya yi baƙi ko ya ɓaɓɓare a saman inda ƙwan yake zama, galibi an taɓa sa masa ƙwai mai wat 100/90 irin wanda direbobin haya suke so, ya ƙone shi. Wannan ba shi da magani sai sabuwar fitila ko ta Beljiyam.

2. Ka gano lambar ƙwanka

Kada ka je kasuwa da sunan mota kawai. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, wadda ta zo daga Amurka da wadda ta zo daga Turai ko Dubai suna iya bambanta. Ka cire ƙwan ka karanta abin da ke rubuce a gindinsa, ko ka duba littafin motar in yana nan.

Waɗanda aka fi gani a hanyoyinmu su ne H4, H7, H11, H1, 9005 da 9006. H4 shi ne mai ƙafa uku, mai zare biyu a ciki, dim da ful duk a ƙwai ɗaya, wat 60/55. Shi ne a yawancin bas ɗin Hiace da tsofaffin motoci masu fitila ɗaya a kowane gefe. Sauran zare ɗaya gare su, don haka dim da nasa ƙwan, ful da nasa. Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008, irin tawa, 9006 ne a dim, 9005 a ful. Camry ta 2007 zuwa 2011 kuwa H11 ne a dim, 9005 a ful. Wani kwalin zai rubuta HB4 maimakon 9006, HB3 maimakon 9005, 9003 ko HB2 maimakon H4. Abu ɗaya ne.

9005 da 9006 kamar Hassan da Husaini suke a ido, amma kunnuwansu sun bambanta. In bai shiga cikin sauƙi ba, kada ka danna, kada kuma ka bari a yanke masa kunne da reza.

Gargaɗi mai nauyi: idan ka ga lambar ta fara da D, kamar D2S ko D4S, fitilar motarka HID ce daga kamfani, wato mai ƙwan da ke aiki da iskar gas maimakon zare, irin ta wasu Lexus da Mercedes. Akwatin da ke kunna ta yana harba wutar da ta haura volt 20,000 a lokacin tashi. Wannan jagorar ba taka ba ce, kada ka sa hannu.

3. Ka kalli irin fitilar

Tsaya gaban motar. Idan kana hango ƙwan a tsakiyar kwano mai sheƙi, rifilekta ce. Idan ƙwallon gilashi kake gani kamar ƙwayar ido, furojekta ce. Furojekta tana da wani ƙarfe a ciki da ke yanke saman haske, saboda haka ko ƙwan bai cika daidai ba, ba ta cika damun masu tahowa ba. Rifilekta ba ta da wannan rufin asirin. An ƙera kowane lungu na kwanon ne bisa cewa haske zai fito daga wani ɗan zare siriri da ke wani wuri takamaimai. Ka gusar da wurin da milimita biyu, kwanon zai jefa haske sama da gefe.

Shi ya sa ƙasashen da ke tsaurara doka ba su saki abin sakaka ba. A Ingila tun 2021 motar da aka cusa wa LED a fitilar halojin tana faɗuwa gwajin shekara. Jamus ta fara yarda a 2020, da wani LED H7 na kamfanin Osram, amma sai a jerin motocin da aka gwada shi a cikinsu ɗaya bayan ɗaya. A nan gida kuwa, fitilar da ke kashe ido ko mai launin shuɗi tana iya haɗa ka da 'yan Road Safety ko VIO, ban da addu'ar da masu tahowa za su bi ka da ita.

4. Zaɓe a kasuwa

Nan ne ake cin riba, nan ne kuma ake tafka asara. Ko Ƙofar Ruwa ka je a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka sa tsohon ƙwanka a aljihu. Shi ne ma'auninka.

Abin da mai shago zai fara yi shi ne ya jona ƙwan a batir ya haska maka a fuska. "Alhaji, ka ga wuta? Wannan ko aljani ya gani sai ya kauce." Ka yi dariya ka wuce wannan. Duk LED, har na tocilan ɗin yara, yana kashe ido in an kalle shi kai tsaye.

Ka ce ya ba ka a hannu. Ka jera shi da tsohon ƙwanka, zobe daidai da zobe, wato faifan da ke zama a bakin ramin fitila. Sai ka duba: 'yan ƙwayoyin hasken LED ɗin suna daidai tsayin zaren tsohon ƙwan? Tsawon layinsu ya yi kusa da tsawon zaren? In sun haura ko sun gaza, ajiye shi, ko nawa ya rage maka. A H4 za ka ga rukuni biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful, kuma na dim ɗin yana da 'yar garkuwa a ƙarƙashinsa kamar ƙaramin cokalin da ke cikin tsohon H4. Babu garkuwar nan, babu dim. Ful biyu ka saya.

Sannan fuska biyu kawai ake so, baya da baya, a jikin faranti siriri. Iya sirantar farantin, iya kamanninsa da zare. Mai fuska huɗu, mai fuska shida, da mai ƙwaya guda babba zagayayya kamar gwaiduwa, duk su ne masu haska sama su bar ƙasa. Irinsu na fara saya.

Lambobin kwali kuma kada su ruɗe ka. Za ka ga an rubuta wat 200, ko lumen 20,000, har 50,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Yi lissafi da kanka: wat 200 a wutar volt 12 yana jan amfiya (ma'aunin wutar da ake ja) sama da 16, alhali fis ɗin fitila a yawancin ƙananan motoci 10 ne ko 15. Da gaskiya ne, da fis ya tsinke kafin ka fita daga kasuwa. Ƙwan LED na kirki yana cin tsakanin wat 20 da 35 ne kowane ɗaya. Halojin 9006 lumen 1,000 ne ko kusa da haka, H7 kuma 1,500, don haka LED ɗin da ya ba ka ninki biyu na wannan da gaske, ya yi maka komai. Idan mai shagon yana da mita, ka ce ya auna amfiya: 2 zuwa 2.5 abu ne mai kyau. Ka bar shi a kunne minti goma ka ga ko lambar za ta sauka sosai, domin masu arha suna farawa da ƙarfi, da sun ɗau zafi sai su janye.

Launi, wanda ake rubuta shi da lamba mai K a ƙarshe: halojin yana wajen 3200K, mai ɗan ja-ja. Yawancin LED na kasuwa 6000K ne zuwa 6500K, fari fat. Yana da kyau a cikin gari, amma ranar da hazon hunturu ya sauko ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, farin nan dawo maka yake a ido kamar ka haska farin bango. In ka samu 4300K ko 5000K, ɗauke shi, musamman in kana yawan tafiyar dare tsakanin Disamba da Fabrairu. In ba ka samu ba, ka bar fitilun hazo na ƙasa a ruwan ɗorawa, 3000K. Daga 8000K zuwa sama shuɗi ne, ado ne kawai.

Sai sanyaya. LED ba ya zafi a gaba, a gindi yake tara zafinsa, kuma zafin ne ajalinsa. Akwai mai fanka, akwai mai ƙarfen alminiyam zalla, akwai mai saƙaƙƙiyar igiyar jan ƙarfe. Mai fanka ya fi haske, amma ƙurarmu tana cin ƙananan fankoki. Ka saurare ta tana juyawa: in tana kuka ko karkarwa tun a shago, ba za ta ga damina ba. Ka kuma auna da ido ko gindin zai samu wuri a bayan fitilarka.

Mai babbar mota ya duba kwali: in ba a rubuta yana ɗaukar volt 24 ba, take zai ƙone.

Shawarata ga mai ƙwai daban-daban: ka fara da dim kaɗai. Shi kake amfani da shi kullum. Ful na halojin a motoci da yawa ya fi LED mai arha cilla haske nesa, ga shi ka rage rabin kuɗi.

5. Kuɗi da kayan aiki

Farashin yana bin dala, yau daban gobe daban, amma hawa uku ne a ko'ina. Na ƙasa, wanda kuɗinsa bai wuce na halojin mai kyau guda biyu ba, araha ce da ba ta ado. Na tsakiya, ninki biyu zuwa uku na wancan, a nan mai neman sauƙi zai tsaya ya yi zaɓe da ma'aunin da na faɗa. Na sama su ne irin Philips da Osram na asali, masu tsada sosai. In ka ga sunansu a kwali da kuɗin na ƙasa, jabu ne.

Kada ka zuba duk abin da ka ware a kan ƙwai. Ka raba shi goma: bakwai na ƙwai, ɗaya na mai rewaya, ɗaya na wanke gilashi, ɗaya ka riƙe saboda murfi ko wani ɗan abin da zai taso. Ka kuma yi magana da mai shago a gaban shaida cewa in bai zauna ba za ka dawo da shi, ka karɓi rasit, ka adana kwalin.

Kayan aiki ba su da yawa: sukundireba mai kan tauraro, sifana lamba 8 da 10, tocilan, tef ɗin takarda ko alli, tef ɗin awo irin na tela ko na magina, robobin ɗaure waya, da tsumma mai tsabta.

6. Yi alama a bango kafin ka taɓa komai

Wannan matakin kusan kowa yana tsallake shi, kuma shi ne mafi arha. Bayan magariba ka samu fili shimfiɗaɗɗe mai bango a gaba, ka tsayar da motar ta fuskance shi sak, mita 5 tsakanin gilashin fitila da bango. Ka kunna dim da tsohon ƙwan. Za ka ga inda haske ya yanke, sama duhu ƙasa haske. Ka bi layin da alli ko tef, ka ɗauki hoto da waya. Ka kuma yi alama a ƙasa inda tayoyin gaba suka tsaya. In da hali, a nan za ka yi sauran aikin ba tare da ka motsa motar ba.

7. Cire tsohon

Kashe injin, kashe fitila, zare makulli. Ka jira minti goma, domin halojin da aka kashe yanzu yana iya ɗaye maka fatar yatsa. Gefe ɗaya za ka fara, ka bar ɗayan da tsohon ƙwai don ka gwada su.

A 9005, 9006 da H11: danna ɗan harshen soket ka zare shi, sannan ka murɗa ƙwan hagu kaɗan, zai fito. A H4: zare soket, cire robar da ta rufe bayan, ɓalle kilif ɗin waya da ya danne ƙwan. H7 ma yawanci kilif ne, amma a wasu Volkswagen, Mercedes da Hyundai yana zaune ne a cikin wani mariƙi na musamman, kuma LED ba zai kama ba sai an sayo mariƙin da ya dace da motar. Ka duba wannan tun kafin ka je kasuwa.

Robar soket da ta sha zafin injin shekara goma sha tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli, don haka a hankali. In ka ga bakinsa ya narke ko ya yi baƙi, a sauya shi yanzu. Tsohon ƙwan kuma kada ka taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana sa shi fashewa in ya yi zafi. Naɗe shi a tsumma ka jefa a aljihun mota. Ranar da fanka ta tsaya maka a dajin da babu shago, shi zai kai ka gida.

8. Saka sabon, ka daidaita fuskarsa

Yawancin LED zobensu yana fita. A H4 da H7, zare zoben, ka zaunar da shi a ramin shi kaɗai, ka maida kilif, ka maida robar, sannan ka zura jikin ƙwan ta tsakiya ka murɗa ya kama. Masu ƙoƙarin tura kilif ta kan fanka su ne suke lanƙwasa shi. A 9006 da 'yan'uwansa, ka tabbatar zoben roba mai hana ruwa yana nan, ka zura, ka murɗa dama har ya tsaya.

Yanzu ka zagayo gaba ka leƙa ta gilashi. Ƙwayoyin hasken su kalli hagu da dama, ƙarfe 9 da ƙarfe 3 na agogo, farantin yana tsaye cak kamar wuƙar da aka kafa. Ba sama da ƙasa ba, ba a karkace ba. A H4, garkuwar nan tana ƙasa. In ya karkace, yawancinsu suna da ɗan sukuru a jikin zobe da ake sassautawa a juya jikin ƙwan. Wasu kuma da hannu ake juya su, suna ƙas-ƙas.

Wani yaron rewaya ya taɓa ce min, "Oga, ai duk yadda ya shiga wuta ce." Na sa shi ya juya ƙwan a hankali muna kallon bango. Yana kwance, hasken ya zama gajimare mara kai mara gindi. Yana miƙewa tsaye, layi ya fito kamar an ja da rula. Bai sake magana ba, sai ya je ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani.

9. Soket, akwati da murfi

Jona soket ka kunna. In bai kama ba, kada ka ce ya mutu: LED da yawa suna da gaba da baya a wuta. Zare soket ɗin, juya shi, mayar. Wannan kaɗai ke warware mafi yawan "ƙwan bai yi ba".

Ɗan akwatin da ke jikin wayar, wanda suke kira direba, kada a bar shi yana lilo. Ɗaure shi da robar ɗaure waya a jikin ƙarfe, nesa da lagireto, bel da duk abin da ke juyawa. Kada a naɗe shi da tef ko leda, shi ma iska yake so. Kuma kada ka yarda a yanke wayar motar a murɗa da hannu a naɗe da salatif. Ƙwan da ya dace, soket da soket ne.

Sai murfin bayan fitila, ga motocin da ke da shi. Sau da yawa gindin LED yana hana shi rufuwa, sai a ce maka, "Bar shi a buɗe, Alhaji, ya ma fi shan iska." Kada ka yarda. Yayana ya yarda. Hunturu ɗaya ƙura ta lulluɓe kwanon daga ciki, damina ta zo ta mai da ita taɓo, ƙarshenta sai da ya sayi fitila sukutum. Garin neman gira aka rasa ido. Akwai murfin roba mai zurfi da ake sayarwa saboda wannan, ka auna faɗin bakin ramin da milimita ka nemo daidai shi. In ba a samu ba, ka koma ka sauya ƙwan da mai gajeren gindi. Ka kuma tabbatar fankar ba ta gogar murfin.

10. Gwaji

Ta da injin. Dim, ful, dim, ful, sau da yawa. A H4 ka tabbatar ba a juye suke ba, kuma shuɗiyar alamar ful tana kamawa a dashbod. Wasu tsofaffin Toyota suna da tsarin waya da ke rikita wannan, sai an sa ɗan abin gyara a tsakani.

In ƙwan yana ƙyafta ido, ko dashbod ya nuna maka alamar ƙwai ya mutu, kwamfutar motar ce ta ga wutar da ake ja ta yi kaɗan. An fi ganin haka a Mercedes, BMW, Volkswagen da sauran motocin Turai. Maganinsa dikoda, wadda masu shago ke kira kambas, ana jona ta tsakanin soket da ƙwai. Gargaɗi: irin mai jikin ƙarfe ruwan zinare tana zafin da zai narka roba, a jikin ƙarfen mota ake ɗaure ta da sukuru, ba a kan wayoyi ba.

Wasu motocin Amurka da Kanada suna kunna ƙwan ful da rabin wuta da rana. LED a wannan ramin yakan yi ta ƙyaftawa ko ya haska da cikakken ƙarfi tsakar rana. Wani dalilin ke nan na barin ful a halojin.

Kunna rediyo ma, ka kamo tashar FM mai ɗan nisa, ka kunna fitila. In shuuu ta taso, akwatin direban mara kyau ne. Mayar musu tun kwalin bai yamutse ba.

11. Saiti

Da ƙwai ɗaya sabo ɗaya tsoho, kalli bango. Sabon ya kamata ya fi haske, amma siffarsa ta zama irin ta tsohon: layi a kwance, da ɗan tashi ta hannun dama. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar Nijar, don haka fitilarmu tana ɗaga haske ne ta gefen titi ta sauke shi ta gefen masu tahowa. In naka ta hagu yake tashi, fitilar motar Ingila ko Japan ce aka bar maka bayan an juya sitiyari, kuma yawanci babu saitin da zai gyara ta sai sauyi. In kuma layin ya ɓace gaba ɗaya, ka juya ƙwan ka gaji bai fito ba, ƙwan bai dace da kwanonka ba. Kada ka ce za ka saba.

In siffa ta yi, saka ɗayan, sannan a yi awo. Tayoyi su kasance da iskarsu daidai, but ɗin baya babu buhunan hatsi, wani ya zauna a kujerar direba. In motar tana da ɗan maɓallin ɗaga fitila mai lamba 0 zuwa 3, mai da shi 0. Auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitilar dim, ka kai wannan awon bango ka ja layi. A nisan mita 5, inda hasken ya yanke ya zama santimita 5 ƙasa da layin. A mita 10, santimita 10. Fitilu da yawa an rubuta musu wannan a jiki, za ka ga 1.0% ko 1.2%. Jif da duk mota mai tsayi, ƙara santimita ɗaya ko biyu ƙasa.

Sukurun saitin yana bayan fitila ko samanta, sau da yawa da bakin sifana 8 ko na sukundireba. Rufe fitila ɗaya da kwali ko wani ya tsaya gabanta, ka saita ɗayar, rabin juyi rabin juyi. Kada ka tilasta shi in ya ƙi, haƙoransa na roba ne.

Gwajin ƙarshe ba na bango ba ne. Bar motar a dim, ka taka kamar taku talatin gabanta ta gefen da masu tahowa suke bi, ka durƙusa daidai tsayin mai zaune a ƙaramar mota ko a daidaita sahu. In ka runtse ido, sauke ta.

12. Satin farko

Ka lura da masu tahowa. In mutum ɗaya ya watso maka ful a dare guda, halinsa ne. In uku suka yi, fitilarka ce. Bayan kwana biyu ko uku ka buɗe bonet ka taɓa ƙwan ka ji ko ya saki, domin gargadar hanya tana juya waɗanda zobensu bai kama sosai ba. A wurin wankin mota ka hana su harba ruwan injin a bayan fitila. Raɓar da ta kwanta cikin gilashi da safe takan daɗe yanzu fiye da da, tunda babu zafin halojin da zai busar da ita. In ta wuce raɓa ta zama ɗigo, murfi ko zoben roba ne bai zauna ba.

Duk ƙarshen wata, musamman da hunturu, ka kunna fitila injin yana kashe, ka kara kunne a bayan kowace ɗaya. In ka ji fanka ɗaya ta yi shiru, cire ƙwan a ranar, ka hure ƙurar da iskar mai faci, ka juya fankar da tsinke. In ba ta tashi ba, mayar da halojin ɗin da ke aljihun mota a gefen nan har ka samu wani.